Bindigar Da Ta Dace Da Farautar Mazo Da Gada A Kurmi

A ranar 1 ga watan Disamba na kowace shekara ake buɗe farauta a ƙasar Gana, bayan hutun wata huɗu da hukuma take ba namun daji tun daga 1 ga Agusta domin su hayayyafa. Da lokacin ya ƙarato sai ka ji hirar bindiga ta tashi a majalisun Nima da Maamobi da Sabon Zango, musamman a bakin 'yan'uwanmu masu gonaki a wajen Dodowa da filayen Afram. Tambayar dai ɗaya ce kullum: wace bindiga ce, kuma wane harsashi ne, ya dace da naman da ke kwance cikin duhuwa? Amsar tana farawa ne daga sanin naman da kuma sanin dajin.

NAMAN DA AKE BI

Dabbar da ake kamawa a bikin Aboakyer na mutanen Effutu a Winneba, ranar Asabar ta farko a watan Mayu, ita ce mu Hausawa muke kira mazo. A can ƙungiyoyin mayaƙa biyu, Tuafo da Dentsifo, suke shiga daji su kamo shi da rai da hannu, ba bindiga ba kibiya. Mazo ja ne mai zane-zanen fari, namijin ne kaɗai ke da ƙaho, kuma babban namiji yakan kai kilo 40 ko fiye. Ba ya son fili. Yana kwana cikin sarƙaƙiya kusa da ruwa, ya fito kiwo da asuba da kuma gab da magariba, in ya tsorata ya yi haushi kamar kare. Tsofaffin maharba sun san cewa mazon da aka yi wa rauni yakan laɓe ya jira, ya soki kare ko mutum da ƙaho.

Gada kuwa ƙarama ce. Irin wadda ta fi yawa a kurmin kudu, wadda ake gani a kasuwar Atwemonom ta Kumasi, ba ta cika wuce kilo 10 ba. Ita tsalle ɗaya take yi ta nutse cikin ganye. A irin wannan daji da wuya maharbi ya ga nama a nesa da taku 30, sau da yawa ma taku 15 ne, kuma abin da zai gani ɗin ba ya wuce ƙiftawar ido biyu. Saboda haka bindiga mai cin dogon zango ba ta da wani fifiko a nan. Abin da ake bukata shi ne mara nauyi, mai saurin hawa kafaɗa, wadda bututunta ba ya sarƙewa a rassan itace.

MAI WATSA ƘWAYA

Kakanninmu da bindigar toka suka yi farauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawan Ingila suna kiranta da sunan mutanen Denmak, domin fataken ƙasar, waɗanda suka zauna a ganuwar Osu nan Ankara har shekarar 1850, suna cikin masu sayar da ita a gaɓar teku. Yau magajiyarta ita ce bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake ɓallewa a sa mata harsashi ta baya. Ita ce a hannun yawancin maharban ƙasar nan, kuma samfurin Baikal na Rasha ya yi suna wajen jure wahala.

Wadda aka fi samu ita ce lamba 12. Ma'anar lambar ita ce, in aka mulmula dalma daidai faɗin bututun, guda 12 ne za su cika fam ɗaya na awon Ingila. Faɗin ya kai milimita 18 da rabi. Amma sirrin yana cikin harsashin da aka ɗura mata. Haruffan da ke jikin kwali suna nuna girman ƙwaya. BB tana da kaurin milimita 4 da ɗan kai, ta dace da zabon daji da gyazbi, wato akrantie. AAA ta zarce milimita 5, tana kayar da gada a kusa. Mazo kuwa sai manyan ƙwayoyi, SSG mai kusan milimita 7, ko SG mai fiye da milimita 8, wadda guda 8 ko 9 kacal ke cikin harsashi ɗaya.

A nan ne da yawa suke yin ɓarna. Mutum ya harbi mazo da BB saboda ita ce a aljihunsa, ƙwayoyin su tsaya a fata da tsoka, dabbar ta gudu ta mutu bayan kwana uku a inda ba wanda zai amfana. An yi asarar rai, an yi asarar nama. Haka nan ko da SG ce, in nisa ya wuce taku 30 zuwa 35 ƙwayoyin sun riga sun bazu, ɗaya ko biyu ne za su samu, su ma ba lalle a makasa ba.

Kafin ka shiga daji, kafa babban kwali a gindin tudu, ka auna taku 20 ka harba, ka sake a taku 30, ka ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin faranti. Inda suka daina taruwa, nan iyakarka take. Ka kuma duba lambar da aka buga a jikin bututu. In an rubuta 70, kada ka kuskura ka sa harsashi mai tsawon milimita 76. Zai shiga, amma matsin da zai haifar yana iya fasa bindiga a fuskarka.

MAI HARSASHI GUDA

Raifil, wato mai jefa harsashi guda ta bututu mai murɗaɗɗen zane, ita ce maharban Turai da Amurka suka fi ɗauka. A dazuzzukan gabashin Amurka, .30-30 da kamfanin Winchester ya fitar a 1895 har yau ita ce abar misali wajen farauta a duhuwa, saboda bindigarta gajera ce kuma ba ta da bugun kafaɗa. A kudancin Afirka ana harbin mazo da 7x57 ta Mauser ko .308 wadda ta fito a 1952. Duk waɗannan sun wadatar. Ƙaramar nan .22 kuwa ta zomo ce, ba ta mazo ba.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, wai harsashi mai nauyi da kai a dunƙule yana ratsa rassa ya tafi sak. Gwaje-gwajen da aka sha yi sun nuna kowane harsashi yana kaucewa in ya taɓa reshe, ko da siririn tsinke ne. Maganin duhuwa shi ne haƙurin jiran kafa, har a ga bayan kafaɗar dabba sarai, inda huhu da zuciya suke. Sannan a tuna harsashin .308 yana iya tafiyar fiye da kilomita 3. A ƙasa irin tamu, inda gonar koko take bayan gonar rogo, kuma mata da yara suke shiga neman itace da dodon koɗi, wannan babban dalili ne na tsayawa ga mai watsa ƙwaya.

DOKA DA AMANA

Takarda biyu ake bukata. Ta farko lasin mallakar bindiga daga 'yan sanda, bisa dokokin makamai na 1962 da 1972, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Ta biyu lasin farauta daga sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Ƙa'idojin da aka kafa tun 1971 sun hana farauta da fitila, da taɓa 'ya'yan dabba ko uwa mai tafe da ɗanta. Dokar 1990 ta hana cinna wa daji wuta. Wuraren da aka keɓe, irin su Shai Hills da Digya da Mole, ba a farauta a cikinsu ko da lokaci ya buɗe.

Bindigar maƙera, wadda ake haɗawa a ɓoye da bututun famfo, tana da araha, amma araha ba ta ado. Ba ta da lasin, ba a gwada ƙarfin ƙarfenta ba, kuma kunamarta takan tashi da kanta in ta faɗi. Mai riƙe da ita yana tsakanin asibiti da kurkuku.

Mafi munin labarin da ke fitowa daga ƙauyuka shi ne na maharbin da ya ga ganye na motsi, ya ɗauka nama ne, ya buɗe wuta a kan ɗan'uwansa. Motsi ba nama ba ne, ƙyallin ido ba nama ba ne. In ba ka ga kai da ƙafa da jiki ba, sauke bindiga. Kada a tsallake rafi ko gungume da harsashi a ciki, kada a shiga mota da ita a ɗure. A gidajenmu na Zango, inda iyali goma suke tsakar gida ɗaya, a kulle bindiga a wani wuri, harsashi a wani wuri daban, makulli kuma a jikin mai ita.

Malamanmu sun karantar da cewa maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbi, in kuma ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta nan take. Don haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan aiki. Wajen gyaran nama a yanke inda ƙwaya ta bi a zubar, a tsince dalmar tsaf, domin guba ce, ta fi cutar da yara ƙanana da mata masu ciki.

Wanda zai sayi bindiga ɗaya tak don kurmin kudu, ya nemi lamba 12 ta kamfani, mai takarda, ya tanadi AAA don gada da SG don mazo, ya san iyakarsa a jikin kwali tun kafin Disamba. Allah ya kai mafarautanmu lafiya, ya komo da su lafiya.