Sarraounia: yadda aka shirya fim ɗin sarauniyar Lugu a wata ƙasa, da wani harshe

A shekarar 1987, a bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu, fim ɗin Sarraounia ya lashe babbar kyauta, wato Étalon de Yennenga. Labari ne na Bahaushiya, Sarauniya Mangu ta garin Lugu da ke yankin Dogon Dutsi a Nijar, wadda aka ce tsafinta ya firgita sojojin Faransa. Sai dai duk Bahaushen da ya zauna kallonsa, a Sokode yake ko a Dapaong ko a Kumasi, zai lura da abu biyu. Sarauniyar ba da Hausa take magana ba, kuma ƙasar da ake gani a allo ba Arewa ba ce, Burkina Faso ce. Dalilin haka yana cikin tarihin yadda aka yi fim ɗin.

Abin da ya faru a 1899

A ƙarshen 1898 Faransa ta tura ayarin soja ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine, da umarnin su kai tafkin Chadi. Turawan da ke cikin ayarin ƙalilan ne. Mafi yawan masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne, ga kuma ɗimbin 'yan dako da aka tilasta wa ɗaukar kaya. Duk inda suka bi sai ƙone-ƙone da kisa. A ranar 16 ga Afrilun 1899 suka far wa Lugu, garin Azna, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. Mutanen garin sun yi turjiya, suka ja da baya zuwa cikin kurmi, kuma ayarin ya yi asarar sojoji huɗu. A watan Mayu ayarin ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asar ya kai Paris aka turo kanar Klobb ya karɓe ragamar ayarin, amma Voulet ya sa aka harbe shi a ranar 14 ga Yuli a Dankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

A rubuce-rubucen Faransawa Sarauniya ba ta samu fili mai yawa ba. Laftanar Joalland, wanda yake cikin ayarin, ya ambace ta ne a taƙaice, da raini, a matsayin tsohuwa mai tsafi. A bakin mutane kuwa labarin ya bunƙasa. Ana cewa tana jefa wa abokan gaba wuta, tana kiran hazo ya rufe mayaƙanta, tana share sawunsu daga ƙasa. Sarautar Sarauniya a Lugu ta ci gaba bayan Mangu, kuma jigonta shi ne kula da al'amuran addinin gargajiya.

Daga baki zuwa littafi

Wanda ya mayar da ita jarumar da aka sani a yau shi ne Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar da aka haifa a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, ya yi shekaru yana gudun hijira, da ya dawo gida kuma ya sha ɗauri a zamanin mulkin Seyni Kountché. A 1980 kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga littafinsa da Faransanci mai suna Sarraounia. A ciki tsohuwar da Joalland ya raina ta zama matashiya mayaƙiya, marainiya da aka shayar da nonon goɗiya, wadda mariƙinta Dawa ya koya wa harbi da baka da sanin itatuwan magani, mai alamar damisa.

Mamani abokin Med Hondo ne, kuma shi ya ba shi littafin. Hondo ɗan Muritaniya ne da ya sauka Marseille a ƙarshen shekarun 1950, ya yi aikin dafa abinci da dako a tashar jiragen ruwa kafin ya shiga wasan kwaikwayo. Fim ɗinsa na farko, Soleil Ô, ya ci babbar kyauta a bikin Locarno na ƙasar Suwizalan a 1970. Yana gama karanta littafin ya ajiye sauran ayyukan da ke gabansa. Shi da Mamani suka shiga bincike, suna hira da tsofaffi a Nijar, suna tonon takardun tarihi.

Shekara bakwai ana neman kuɗi

Fim ɗin ya ci kimanin dala miliyan 3, kuma an kwashe shekara bakwai ana haɗa kuɗin. Mai karatu da ya saba da fina-finan da ake ɗauka da ƙaramar kyamara zai iya tambayar ina kuɗin suka tafi. A wancan lokaci ana ɗaukar babban fim ne a kan zaren fim mai faɗin milimita 35, mai tsada, wanda ba a gogewa a sake amfani da shi. Hondo ya zaɓi hoto mai faɗi irin na manyan fina-finan yaƙi, kuma irin wannan hoto sai an cika shi da mutane. Babu kwamfutar da za ta mayar da mahayi goma su zama dubu. Kowane soja da kowane ɗan dako da aka gani a allo mutum ne da aka ɗinka wa tufafi, aka kai shi daji, aka ciyar da shi. Garin da za a ƙone sai an gina shi tukuna, kuma in ya ci wuta kyamara ba ta kama da kyau ba, an yi asara.

Hondo yana da wata sana'a da ta riƙe shi a tsawon waɗannan shekaru: ɗora murya. Duk wanda ya kalli fina-finan Eddie Murphy da Faransanci a gidajen kallo na Lome ko Kara, muryar Hondo ya ji. Shi ne kuma muryar Rafiki a Le Roi lion, daga baya ya zama muryar jakin nan na Shrek. Da abin da yake samu a wannan aiki yake tallafa wa kamfaninsa, Les Films Soleil Ô.

Nijar ta janye, Burkina ta buɗe ƙofa

An tsara ɗaukar fim ɗin a Nijar, inda abin ya faru, kuma hukumomi sun amince da farko. Ana dab da fara aiki suka janye. Idan aka dubi yanayin lokacin, abin ba zai ba da mamaki ba. Marubucin labarin tsohon ɗan adawa ne da gwamnatin da ke kan mulki ta taɓa ɗaurewa, labarin kuma yana tona asirin sojojin Faransa, ƙasar da ke sayen uraniyom ɗin Nijar.

Burkina Faso ce ta ceci aikin. Thomas Sankara ya hau mulki a watan Agustan 1983, kuma gwamnatinsa ta ɗauki fim a matsayin makamin wayar da kai. Ƙasar ta riga ta shimfiɗa tushe: tun 1969 take karɓar baƙuncin FESPACO, a 1970 ta mayar da gidajen sinima hannun gwamnati, sannan tana da makarantar koyon aikin fim ta INAFEC a Wagadugu. Akwai kuma tsohon tabo, domin Voulet ɗin nan shi ne ya ci Wagadugu da yaƙi a 1896, har Mogho Naba Wobgo ya bar fadarsa. Saboda haka labarin Lugu bai zama baƙo ga Mosawa ba.

Ƙaurar ta zo da farashinta. Tunda a Burkina za a nemi 'yan wasa da taron jama'a, dole a yi magana da harsunan da suke ji. Shi ya sa Jula da Fulatanci da Faransanci suka mamaye fim ɗin. Ita kanta jarumar, Aï Keïta, 'yar Burkina ce da ba ta taɓa fitowa a fim ba. Hondo ya lura da ita ne a lokacin da take sa-in-sa da wani danginta. Ƙaramin matsayi ya yi niyyar ba ta, amma bayan gwajin farko ya miƙa mata sarautar gaba ɗaya. Bafaranshe Jean-Roger Milo ya fito a matsayin Voulet, Féodor Atkine kuma a matsayin Chanoine. A ɓangaren kiɗa akwai Pierre Akendengué na Gabon da Abdoulaye Cissé na Burkina.

Yadda aka nuna tsafi ba tare da dabo ba

Wanda ya zauna yana jiran ya ga wuta na fita daga tafin hannu, kamar a fina-finan aljanu na Indiya, zai yi ta jira. Hondo ya bi wata hanya. Bayan an nuna tasowar Sarauniya a farkon fim, sai ya janye ta daga allo na dogon lokaci, kyamara ta koma bin ayarin Voulet. A nan ne tsafin yake aiki. Sojojin Afirka da ke cikin ayarin suna jin sunanta a bakin fursunoni da matan da aka kamo, suna raɗe-raɗi da dare, duk abin da ya same su suna jingina shi gare ta. Kafin a kai Lugu tsoro ya riga ya cinye rabin ƙarfinsu. Bayan yaƙin ma, ko da yake an shiga garin, rashin kama ta ya fi damun ayarin fiye da asarar da suka yi.

Wannan dabara ta rage kashe kuɗi, amma amfaninta ya wuce nan. Ta bar wa mai kallo zaɓi. Mai imani da asiri zai ce asiri ne ya haukata Voulet. Wanda bai yarda ba zai ga yadda zalunci ke rusa rundunar da ke aikata shi daga ciki. Dukansu biyu fim ɗaya suka kalla, kuma babu wanda aka yi wa ƙarya.

Fim ɗin bai ɓoye laifin 'yan gida ba. Ya nuna sarakunan Musulmi da ke maƙwabtaka da Lugu suna jayayya kan ko ya halatta a taimaki mai bautar gargajiya, wasu ma suna murna da zuwan Turawa. Ya nuna cewa hannun baƙar fata ne ke riƙe da yawancin bindigogin. Wannan ya shafe mu a Togo kai tsaye. A daidai waɗannan shekaru Jamusawa suke kafa sansanoninsu a Sansanne Mango da Sokode, kuma rundunar 'yan sandan da suka kafa a 1885 da Hausawa aka fara ta. Kakanninmu suna ɓangarori biyu na irin wannan labari.

Paris ta yi shiru, Wagadugu ta yi tafi

An fara nuna fim ɗin a Faransa a watan Nuwamban 1986, a gidajen sinima ƙalilan, kuma bayan 'yan makonni aka sauke shi. Wasu masu shirya fina-finai sun sa hannu a takardar ƙorafi kan yadda aka yi masa. Watanni kaɗan bayan haka ya ci kyautar FESPACO. A ranar 15 ga Oktoban 1987 aka kashe Sankara. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, a hanyar Damagaram zuwa Yamai. Hondo ya rasu a Paris ranar 2 ga Maris na 2019, ranar da ake rufe bikin FESPACO na cika shekara 50.

Aikin da ya rage

A yau sunan Sarauniya ya zama abin alfahari a Nijar, har akwai gidan rediyo da talabijin mai wannan suna a Yamai. Amma fim mafi girma da aka yi a kanta yana isa ga Bahaushe ne ta hanyar rubutun fassara a ƙasan allo. A zangunanmu, inda iyaye mata da tsofaffi da yawa ba su karanta Faransanci, hakan yana nufin an rufe musu ƙofa. Yaranmu kuma sun san jaruman Indiya da muryar Hausa, albarkacin masu fassara na Kano irin su Algaita, alhali ba su taɓa jin Sarauniya Mangu ta yi magana da harshenta ba.

Ƙwarewar ɗora murya tana nan a Kano, kuma an taɓa yin irin wannan aiki. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun ayarin Voulet a kudancin Nijar, an juya shi zuwa Hausa. Abin da ake buƙata shi ne izinin masu haƙƙin mallakar fim ɗin, da kuɗin ɗakin ɗaukar murya, da masu murya da suka iya karin harshen Arewa da Adar, don kada a sa wa mutanen Lugu Kananci. Ƙungiyoyin Hausawa na Togo da Gana da Benin suna iya zama masu fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Mutumin da ya yi fim ɗin ya shafe rayuwarsa yana ara wa jaruman Amurka muryarsa don Faransawa su fahimce su. Ba ƙaramin cika alkawari ba ne a ara wa jarumarsa muryar Hausa.