Hayaƙin Mota Yana Faɗin Ciwonta

Tsofaffin motoci masu shan gazuwal, irin su Toyota da Peugeot 504, suna aiki ƙwarai tsakanin Kanan-Bakashe, Mayahi da Tasawa. Su ke kai gero da wake kasuwa. Su ke kai marar lafiya likita cikin dare. In motar gari ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba.

Injin gazuwal ba ya bukatar tartsatsin wuta kamar na fetur. Rudolf Diesel, mutumin Jamus, shi ya ƙera shi, ya yi aiki sosai a 1897. Piston ke matse iska cikin silinda, wajen ninki 20. Matsin nan ke sa iskar ta yi zafi ƙwarai. Da an fesa mata gazuwal sai ya kama. To, in matsi ya ragu, zafi ya ragu. Shi ya sa wata mota ba ta tashi da safe lokacin ɗari sai an tura ta, kuma ta kasa ja cikin rairayi.

Sai a dubi hayaƙin.

Baƙin hayaƙi yana nufin gazuwal ya yi yawa, iska ta kasa. Sau da yawa filtar iska ce ta toshe da ƙura. Wani lokaci bakin fesa mai ne ya lalace, ko lodi ya wuce kima. Wannan gyara mai sauƙi ne.

Shuɗin hayaƙi kuwa, inji na ƙona baƙin mai ne. Direba zai ga kullum yana ƙara mai. Galibi zobban piston ne suka cinye.

Farin hayaƙi iri biyu ne. In yana warin gazuwal, yana yajin ido, man ne bai ƙone ba. Laifin bujin ɗumama inji ne, ko rashin matsi. In kuwa kamar tururi yake, ruwan inji na raguwa, ruwa ne ke shiga silinda. A kashe motar nan da nan.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A bar inji ya yi ɗumi, yana aiki a hankali. A buɗe murfin wurin zuba baƙin mai. Ɗan huci kaɗan ba komi. Amma in hayaƙi na fitowa da ƙarfi, matsi na zurarewa ta gefen zobba ke nan. Daga nan sai wurin makanike mai agogon awon matsi. Yana auna silinda ɗaya bayan ɗaya. Wadda awonta ya faɗi ƙasa da sauran, nan ciwon yake. Kada mai mota ya yarda a kwance masa inji kafin wannan awo. An sha sayar da sa don gyaran da filta ɗaya za ta yi.

Babban mai cin zobba a ƙasar nan rairayi ne. Wasu direbobi na cire filtar iska, wai don mota ta sha iska. Wannan ganganci ne. Ƙurar da ta shiga tana gugar silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Lokacin buda, a riƙa kakkaɓe filta kowace ranar kasuwa. In ta yage, a sake ta. Gazuwal na kwalba kuma, a tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba.