Cocin Berlin da aka gina da ƙasa

Da damina ta kankama, ruwa ya kwantar da gidaje a tsofaffin unguwanni, sai ka ji hukunci ɗaya a bakin jama'a har da jami'an gwamnati: ginin ƙasa ya ƙare, na talaka ne, a koma bulo da siminti. Wannan magana tana damuna, domin ana ɗora wa ƙasa laifin da na sakaci ne. Akwai wani ƙaramin coci a tsakiyar Berlin, babban birnin Jamus, da ya kamata masu wannan ra'ayi su san labarinsa.

A titin Bernauer yake, ana kiransa Ɗakin Ibada na Sulhu. A wurin akwai tsohon coci da aka buɗe a 1894. Da aka ja katangar Berlin a 1961, sai cocin ya faɗa cikin filin da ke tsakanin katangu biyu, inda sojoji ke harbin duk wanda ya yi yunƙurin tsallakawa. Mafi yawan mabiyansa suna ɓangaren yamma, suna hango shi amma ba damar shiga. A watan Janairun 1985 gwamnatin Jamus ta Gabas ta sa nakiya ta tarwatsa shi. Ba a cika shekara 5 ba katangar kanta ta faɗi.

Da filin ya dawo hannun jama'ar cocin, masu zanen gini biyu, Rudolf Reitermann da Peter Sassenroth, suka kawo tsari na kankare da gilashi. Jama'a suka ƙi. Da kankare aka yi katangar da ta raba su da 'yan'uwansu, ba su ga yadda za su yi ibada a cikinsa ba. Sai aka nemo Martin Rauch, wani maginin ƙasa ɗan Ostiriya.

Salon aikinsa ya bambanta da tubalin da muka sani. Ba a kwaɓa ƙasar ta zama laka. Ana ɗan jiƙa ta ne kawai, a zuba tsakanin alluna, a kirɓe ta har ta kame, sannan a ƙara wani zubin a kai, kamar yadda mata ke yin daɓen ɗaki, sai dai wannan daɓen sama yake hawa. In aka cire allunan, ana ganin sawun kowane zubi a jikin bango, layi bisa layi. Tsawon bangon mita 7 ne, kaurinsa santimita 60, an zagaya shi da siffar ƙwai. A cikin ƙasar an gauraya ɓaraguzan jan bulon tsohon cocin, har mai ziyara yana iya shafa su da hannu. Ƙararrawar da aka ceto daga tsohon cocin tana rataye a waje. An buɗe ginin ranar 9 ga Nuwamba, 2000, shekara 11 cif da faɗuwar katangar, kuma ana yin gajeriyar addu'a a cikinsa da tsakar rana, ana karanta tarihin ɗaya daga cikin mutum aƙalla 140 da suka mutu a dalilinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka kare bangon. Berlin gari ne na ruwa da ƙanƙara, don haka ba a bar ƙasar a fili ba. Rufi ya lulluɓe ta, sannan an kewaye ta da wani shinge na tsayayyun katakai, da 'yar baranda tsakani, iska da haske na ratsawa amma ruwa ba ya dukan bangon kai tsaye. Hukumar birni kuma ba ta amince da ka ba. Sai da injiniyoyin jami'a suka gwada ƙarfin ƙasar kafin a ba da izini. Ƙasa tana ɗaukar nauyi sosai. Ruwan da ya kwanta a gindinta ko ya zubo mata daga sama shi ke kashe ta.

Maginanmu sun san haka tun da daɗewa. Shi ya sa ake sa indararo, ake shafa makuba, ake sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Da wannan ilimi Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da shi Falke Barmu ya gina na Yama a Nijar har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Gidajen da ke faɗuwa yau, je ka duba su: kwata ta toshe, an daina yaɓe, ko an lafta siminti a kan ƙasa, danshi ya taru a ciki ba hanyar fita. Ganuwar Kano ma ana kallo ana ɗibar ƙasarta.

Muna da sassan koyar da gine-gine a jami'o'in Zariya da Kano. Su gayyato sarakunan magina tun suna raye, a gwada ƙasar kowane yanki, a rubuta ƙa'idar da hukumomin tsara birane za su riƙa ba da izini da ita.