Wankin ƙoda a ɗakin kulawa ta musamman: Tsakanin umarnin likita da abin da majinyaci ya samu

Majinyacin da ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, yana rai kwakwai mutu kwakwai, sau da yawa ba ya jure wankin ƙoda na awa huɗu da aka saba, domin bugun jininsa kan faɗi. Shi ya sa ake yi masa wanki a hankali, dare da rana ba tsayawa, dabarar da likita Peter Kramer ya ɓullo da ita a Jamus a 1977.

Wannan aiki lissafi ne tsantsa. Ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO na 2012 sun buƙaci a tace mililita 20 zuwa 25 kan kowane kilo na nauyin majinyaci a kowace awa. Ga mai kilo 70, iyakar wannan ma'auni lita 42 ce a yini. Amma na'ura kan tsaya: jini ya daskare a matata, ko a kai majinyaci ɗakin hoto. Tsayuwar awa biyar kaɗai ta isa ta mayar da 25 ɗin da likita ya rubuta ƙasa da 20, alhali takarda na nuna komai daidai.

A nan ne kwamfuta ke da rana. Idan likita ya shigar da umarni, manhaja ce ke lissafa ma'auni daga nauyin majinyaci, ta ƙi karɓar adadin da ya wuce kima. Na'urar kuma tana aika bayananta kai tsaye cikin kundin majinyaci: ruwan da aka cire, tsawon tsayuwa, da alamun toshewar matata. Inda ake amfani da sinadarin sitiret don hana daskarewar jini, manhajar kan tuna wa ma'aikatan jinya lokacin auna kalsiyam, wanda raguwarsa ke iya rikita zuciya.

Sai dai manhaja ba ta gyara nauyin da aka shigar bisa kuskure, kuma yawan ƙararrawa kan sa kunne ya saba har ya daina ji.

Don haka, jami'in da takardar sayo irin wannan na'ura ta iso teburinsa ya kamata ya tambaya: shin za ta haɗu da kundin asibiti na kwamfuta? An ware kuɗin horo, matatu da tsayayyiyar wutar lantarki? An cika sharuɗɗan Dokar Kare Bayanai ta 2023? Amsoshin nan ne za su nuna ko majinyaci zai samu abin da aka rubuta masa.