Me ya sa allurar da ta yi aiki bara ba ta yi ba bana?

An yi wa yaro allura kwana uku, zazzaɓi bai sauka ba, sai likita ya ce za a canza magani ko a tura shi babban asibiti. Nan masu jinya kan fara magana: wasu su ce maganin jabu ne, wasu su ce jikin yaron ne ya saba da shi. Jabun magani akwai shi, amma sau da yawa ba shi ne dalili ba. Jikin mutum ba ya sabawa da irin wannan magani. Ƙwayar cutar ce ta samu hanyar lalata shi.

Amoksisilin da ampiklos da allurar seftiriyazon duk 'yan gida ɗaya ne da penisilin. A cikin ginin kowannensu akwai wani ɗan zobe, shi ne ke hana ƙwayar bakteriya gina bangon jikinta har ta fashe ta mutu. To, wasu bakteriya suna fitar da wani sinadari da ake kira inzayim, wanda ke yanka zoben nan kamar almakashi. Da zarar ya yanke, maganin ya tashi daga aiki, ko da na ƙwarai ne, ko da an sha shi a kan lokaci.

Abin ba sabo ba ne. A 1928 aka gano penisilin a Ingila, zuwa 1940 har an ga inzayim ɗin da ke karya shi. Aka yi sababbin magunguna, sai ga shi a 1983 a Jamus an samu nau'in da ke yanka su su ma, wanda likitoci ke kira ESBL. Ga irin wannan, abin da ya rage shi ne allurai masu tsada irin su meropenem, waɗanda ba kowane asibiti ke da su ba. A 2008 kuma aka gano NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a Indiya. Shi har meropenem ɗin yake karyawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, bakteriya na miƙa wa juna wannan dabara, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Biyu da aka fi samu da ita su ne E. coli da Klebsiella. A hanji suke zama, mutum zai iya ɗauke da su yana lafiya lau bai sani ba. Sai sun shiga mafitsara ko miki ko jini suke zama ciwo. Shi ya sa hatsarin ya fi yawa ga jarirai, da yara masu tamowa, da matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, da wanda aka sa wa robar fitsari. Wani bincike da aka yi a Maradi kan yara masu tamowa mai tsanani, aka wallafa a 2011, ya nuna kusan ɗaya cikin uku sun zo asibiti da ƙwayar ESBL a hanjinsu. Waɗanda suka zo babu ita, da aka sake duba wasunsu lokacin sallama, kusan duka sun ɗauka.

Kada wannan ya sa ku guji asibiti. Yaron da tamowa ta kama shi sosai, zamansa a gida ya fi wannan ƙwaya hatsari nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne hanyar da take bi daga gado zuwa gado: hannu, da bayan gida, da fo, da kofi ko cokalin da aka ara wa maƙwabci. Idan kuna jinya, ku wanke hannu da sabulu bayan kun wanke wa yaro kashi, da kafin ku ba shi abinci. Kada ku taɓa miki ko bakin robar ƙarin ruwa. Idan kuka ga ma'aikaci zai taɓa ɗanku bai wanke hannu ba, ku tuna masa cikin ladabi. Haƙƙinku ne.

Sai batun kafso na kasuwa. Duk sanda aka sha shi ba dalili, yana kashe ƙwayoyin hanji marasa ƙarfi, ya bar wa masu almakashin fili su hayayyafa. Mura ba ta jin antibayotik, zazzaɓin cizon sauro kuma maganinsa daban ne. Mun san kuɗi sun yi wuya, sayen ƙwaya biyu a hannun mai talla ya fi bin layin asibiti sauƙi, amma ƙwaya biyu ba ta warkar da komai. Wanda likita ya rubuta, a sha shi yadda ya ce, kada a raba da wani, kada a ɓoye saura don gaba.

Idan an fara magani aka yi kwana biyu zuwa uku ba sauƙi, ku koma asibitin sansani. Jariri da ya ƙi nono ko jikinsa ya saki, shi ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Ku riƙo katinku da kwalin duk maganin da aka sha, har da na kasuwa. Ku kuma gaya wa ma'aikacin idan majinyacin ya kwanta a wani asibiti cikin 'yan watannin nan, ko a nan ne ko can gida kafin gudun hijira, domin da wannan bayani zai san maganin da ya kamata a fara da shi.