Kafin ka shimfiɗa tayil a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta ina za a fita?

Wani yayi ya shigo tsakanin 'yan uwanmu da Allah ya hore wa sayen gida a Amurka da Kanada. A yankunan da sanyi ke tsananta, yawancin gidaje da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake gina su, domin dole harsashi ya nutsa ya wuce iyakar da ƙasa ke daskarewa. Tunda an riga an haƙa, sai a bar wurin ya zama ma'ajiyar tarkace, a kafa tukunyar ɗumama gida da injin wanki a ciki. Yanzu kuwa da zarar mutum ya karɓi makullin gida, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ya gyara wannan rami ya zama wurin zama: ko ya zuba 'yan haya su taya shi biyan bashin banki, ko ya keɓe shi don baƙi, ko ya sauke surukarsa idan ta zo zaman jego. Babu aibu a cikin wannan niyya. Yadda ake yin aikin ne ke ba ni takaici.

Kwanakin baya aka turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na dangi. Mai gida na zagayawa da waya a hannu yana nuna aikin da ya kammala: tayil sai sheƙi yake, an binne fitilu a cikin silin, ga kujeru, ga talabijin ya cinye rabin bango, ga ɗan kicin a lungu. Ya tura wata ƙofa ya ce, "Nan Hajiya za ta sauka." Kowa sai masha Allah yake, Allah ya sanya albarka. Ni kuwa tagar ɗakin idona ya tsaya a kai. Can sama take dab da silin, tsayinta bai fi taƙi guda ba, an kuma gindaya mata sandunan ƙarfe an yi musu walda. Matakala ɗaya tak ke hawa sama, a gindinta kuma tukunyar ɗumama gida mai aiki da gas take zaune. Nan za a kwantar da dattijuwa mai ciwon gwiwa. Da na yi magana, amsar da na samu ita ce Allah ke tsarewa. Haka ne, Allah ke tsarewa, amma mai wannan maganar bai taɓa kwana bai kulle ƙofar gidansa ba.

Wanda ke ganin tsegumi nake yi ya tuna daren 1 ga Satumban 2021 a birnin New York. Mahaukaciyar guguwar nan Ida ta riga ta yi ɓarnarta a jihar Louisiana kwanaki uku kafin nan, ragowarta ce kawai ta iso arewa. Amma cikin awa guda, daga tara saura zuwa goma saura na dare, an auna ruwan sama inci 3.15 a dandalin Central Park, wato kusan santimita takwas, abin da ba a taɓa aunawa ba a wurin. Magudanan birnin kuwa ba a gina su don su ɗauki fiye da inci 1.75 a awa ba. Karo na farko ke nan da hukumar yanayi ta ƙasar ta ayyana gargaɗin ambaliya mafi tsanani a kan birnin. Lambatu ya cika, tituna suka zama kogi, ruwa ya nemi gangare, kuma babu gangaren da ya fi matakalar da ke sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Mutum 13 suka rasu a cikin birnin a wannan dare. Goma sha ɗaya daga cikinsu a irin waɗannan ɗakuna aka same su, yawanci a gundumar Queens, yawancinsu kuma 'yan ci-rani ne da masu ƙaramin ƙarfi da suka zo neman abinci kamar yadda namu ke zuwa. A unguwar Woodside, miji da mata da ɗan ƙaramin yaronsu da bai wuce shekara biyu ba, duk ruwa ya ci su a cikin ɗakinsu. Da hukumar gine-gine ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, sai ta tarar cikin gidaje shida da aka yi asarar rai, biyar an mai da ƙasansu wurin kwana ne ba tare da izini ba. A lokacin hukumomin birnin sun ƙiyasta cewa aƙalla mutum 100,000 ne ke zaune a irin waɗannan ɗakuna da doka ba ta san da su ba.

Wani zai ce, to me ya hana su buɗe ƙofa su gudu? Ruwan ne ya hana. Idan ya taru a bayan ƙofa har ya kai rabin mita, bai ma wuce gwiwar babban mutum sosai ba, nauyin da yake danna ƙofar da shi ya haura buhun masara mai kilo 100. Idan ya kai mita guda, buhu huɗu ne da ɗoriya. In ƙofar waje take buɗewa, ba mai iya tura ta. In ciki take buɗewa, ɓalle ta ruwan zai yi ya shigo gaba ɗaya, ya tunkuɗe mutum, ya taso da firji da katifa su tare hanya. Wutar lantarki ta ɗauke, duhu ya rufe, matakala ta zama magangarar ruwa. Duk wannan cikin 'yan mintoci yake faruwa. Abin da ya rage wa mutum a wannan lokaci taga ce, kuma ita ce abin da masu gyaran nan ba sa son kashe wa ko sisi.

A watan Agustan 2022 an ga irin haka a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, inda ruwa ya rutsa da mutum uku 'yan gida ɗaya a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, har gwamnatin birnin ta ce za ta daina ba da izinin gina irin waɗannan ɗakuna don zama. Tagogin irin ɗakunan nan galibi ƙarafa ake sa musu saboda ɓarayi. Mu ma da wannan ɗabi'a muka tashi, muka ɗauke ta muka tafi da ita ƙasashen mutane. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga, shi zai hana ɗanka fita, shi zai hana ɗan kwana-kwana isa gare shi.

Ƙa'idar ginin da yawancin jihohin Amurka ke bi ba ta ɓoye komai ba. Duk ɗakin kwana a ƙarƙashin ƙasa sai an yi masa mafita ta biyu da ke kaiwa waje kai tsaye. Idan taga ce, buɗinta kada ya gaza inci 24 a tsaye da inci 20 a kwance, jimillar sararin kuma ya kai murabba'in ƙafa 5.7, sannan dakalinta kada ya wuce inci 44 daga daɓe, don yaro da tsoho su iya hawa. Idan tagar ta faɗa ƙasa da doron fili, sai an haƙa mata rami a waje mai faɗin da mutum zai tsaya, a sa tsani in ya yi zurfi. In har sai an sa ƙarfe, to ya zama mai buɗewa daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Kwaɗon da makullinsa ke aljihun mai gida yana wurin aiki ba ya cikin lissafi. Yanka kankare a faɗaɗa taga akwai tsada, ban musa ba, amma na ga wanda ya ce ba shi da kuɗin taga alhali kujerun falon sun fi ta tsada.

Tushen matsalar gudun neman izini ne. Mutum na tsoron kada jami'in duba gini ya zo ya ce silin ya yi ƙasa, bai kai ƙafa bakwai ba, ko harajin gida ya ƙaru, sai ya nemo wani ɗan gari mai araha su yi aikin a ɓoye ranakun hutu. Shi ne birkila, shi ne kafinta, shi ne mai wayarin, shi ne mai haɗa bututun gas. Ranar da wani abu ya faru, kamfanin inshora zai tambayi takardar izini, kotu ma za ta tambaya. A kuma sani cewa inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wadda ake saye musamman don ambaliya ma kaɗan take biya a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kafet da kujeru da adon bango asarar mai su ce.

Batun danshi kowa ya san shi, sai dai gaggawa ke sa a rufe ido. Kafin a buga allo ko ɗaya a bango, a manna leda a jikin kankaren, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana biyu ko uku. In an ɗaga an ga ƙarƙashinta ya jiƙe, ruwa na tsattsafowa daga ƙasa, kuma duk abin da aka rufa a kai fumfuna zai yi, yara su kama tari a rasa dalili. A gyara daga waje tukuna: indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje. A sa injin janye ruwa mai batir na ko-ta-kwana, domin ruwa da ɗaukewar wuta tare suke zuwa, a kuma sa marfin da ke hana ƙazantar magudanar gari dawowa ta masai. Birnin Toronto har tallafi yake bai wa masu gidaje don waɗannan biyun.

Sai iskar da ake shaƙa. Tukunyar ɗumama gida mai gas da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da guba marar wari da ke kashe mutum yana barci, irin wadda hayaƙin janareta ke hallaka iyalai da ita a gida Najeriya. Na'urar da ke gano ta da mai gano hayaƙi ba su da tsada, sai dai akwai masu cire batir don ƙarar ta dame su lokacin da uwargida ke suya. Akwai kuma iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru a irin waɗannan ɗakuna. Ita ce ta biyu bayan sigari wajen haddasa sankarar huhu, hukumar kare muhallin Amurka ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 21,000 a shekara, kuma ba a gane ta sai da abin gwaji.

Masu gina irin wannan ɗaki a sababbin unguwannin Abuja da Kano ma su shafa wa gemunsu ruwa. Inda kwata a toshe take da leda, wuta ba ta tsayawa balle injin janye ruwa ya yi aiki, ramin da ke ƙarƙashin gida ba wurin kwanan mai gadi ko 'yar aiki ba ne, ba kuma wurin ajiye janareta ba.

Ɗalibai da sababbin zuwa, ku ne kuka fi faɗawa waɗannan ɗakuna saboda sauƙin haya. Kafin ka ba da kuɗin ajiya, ka je gindin tagar ka buɗe ta, ka gwada ko kafaɗunka za su ratsa. In ba za su ratsa ba, ka nemi wani wuri ko da za ku haɗu ku uku a ɗaki. In kuma ka riga ka shiga, fasfo da takardunka su zauna a jaka guda kusa da ƙofa, kuma da ka ga ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashinta, ka bar tsintsiya da bokiti ka hau sama.

Kai kuma Alhaji mai gida, idan wayarka ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya da dare, kada ka juya ka ci gaba da barci. Ka sauka ka ƙwanƙwasa wa na ƙasa ƙofa, ka hau da su falonka su kwana.