Gidan Zane-zane na Guggenheim da Masu Raunin Tafiya

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana abin da a ke nufi in an ce gidan nunin zane-zane yana shiguwa ga mutumin da tafiya ke yi wa wuya. Tun da ya ke magana a dunƙule ba ta cika gamsar da mai karatu ba, mun zaɓi gida guda mu yi misali da shi, watau gidan Guggenheim da ke birnin Niyu Yok a ƙasar Amurka. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, ba da matakala a ke zaga babban zaurensa ba. Hanya ce guda mai gangare ta nannaɗe cikin ginin tun daga ƙasa har sama. Wanda ya ji haka sai ya ce magana ta ƙare, mai keken guragu ya sami gida. To, al'amarin ya fi haka zurfi. Za mu nuna cewa kawar da matakala mafari ne kurum, sauran aikin yana ga awo: tsawon hanya, karkatar daɓe, wurin hutawa, da tsayin abin da a ke kallo.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kalmar gurgu tana nufin wanda ƙafarsa ta mutu ko ta lalace, naƙasasshe kuwa ta fi ta faɗi, don ta haɗa har da makaho da kurma. A zamanin nan ana cewa masu buƙata ta musamman, saboda ladabi, amma wannan ba ta nuna irin buƙatar ba. Mu a nan za mu ce masu raunin tafiya. Cikinsu akwai mai keken guragu, da mai dogara sanda, da tsohon da gwiwa ta gaza, da mai ciwon zuciya wanda ba ya iya doguwar tsayuwa, da mace mai tsohon ciki, da wanda ya karye yana jinya. In an duba wannan jeri za a ga da wuya mutum ya yi tsawon rai bai shiga cikinsa ba.

Akwai kuma wani abin lura game da kalmar gangare. Bahaushe yana kiran karkatacciyar hanya gwargwadon inda ya dosa. In yana sauka ya ce gangare, in ya juyo ya ce hawa, alhali kuwa hanyar guda ce. Wannan bambanci da harshe ya yi shi ne jigon bayaninmu, gama abin da ya zama sauƙi ga mai sauka shi ne wahala ga mai hawa.

3. Yadda ginin ya ke

Solomon Guggenheim attajiri ne wanda danginsa suka yi arziki da haƙar ma'adinai. Ya tara zane-zanen zamani masu yawa, musamman na Kandinsky. A shekarar 1943 mai ba shi shawara, Hilla Rebay, ta rubuta wa Frank Lloyd Wright, shahararren mai tsara gine-gine, ta nemi ya tsara gidan da za a ajiye su. Aikin ya daɗe ƙwarai. Guggenheim ya rasu a 1949, ba a fara ginin ba sai 1956, shi kansa Wright ya rasu cikin watan Afrilu na 1959 yana da shekara 91. Bayan wata shida, ran 21 ga Oktoba 1959, aka buɗe gidan.

Siffar ginin kamar katantanwa ta ke, sai dai yana ƙara faɗi ne ta sama. Tsakiyarsa fili ne har zuwa rufin gilashi mai shigo da haske. Hanyar ta zaga wannan fili hawa shida, tsawonta ya kai wajen rubu'in mil, watau kamar mita 400. Zane-zanen suna jere a bangon waje, ta gefen fili kuma akwai gajeriyar katanga inda mutum zai tsaya ya hangi sauran hawa. Nufin Wright shi ne baƙo ya shiga lifta, akwatin nan mai ɗaukar mutane zuwa saman bene, ya kai ƙololuwa, sa'an nan ya gangaro a hankali yana kallo har ya iso ƙasa.

Tun kafin a gama ginin aka yi ta gardama a kansa. A 1956 masu zane 21 suka sa hannu a wata wasiƙa suna cewa lanƙwasasshen bango da karkataccen daɓe ba su dace da rataya zane ba. Kukansu duk a kan zane ne. Batun mai keken guragu bai zama abin da a ke aunawa ba tukuna, gama ƙa'idar farko ta Amurka game da gine-ginen da naƙasassu za su iya shiga ba ta fito ba sai 1961, shekara biyu bayan buɗe gidan. 

4. Ma'aunin da doka ta kafa

Cikin watan Maris na 1990 wasu naƙasassu suka taru a birnin Washinton, suka sauka daga kekunansu, suka hau matakalar Majalisar Dokoki da rarrafe, don mahukunta su ga abin da matakala ke nufi gare su. Ran 26 ga Yuli na wannan shekara Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta haɗa da gidajen nuni cikin wuraren da tilas su buɗe wa kowa. Ga kaɗan daga cikin awon da a ke bi ƙarƙashin dokar.

Na ɗaya, gangare kada ya wuce inci 1 na tashi cikin kowane inci 12 na tsawo. Watau matakala guda mai tsayin inci 7 tana bukatar gangare mai tsawon ƙafa 7 kafin a maye gurbinta. Na biyu, kada gangare ya tashi fiye da inci 30 ba tare da an sa shimfiɗaɗɗen wurin hutawa mai tsawon ƙafa 5 ba. Na uku, ƙofa in an buɗe ta bar sarari na inci 32, hanya kuwa inci 36. Na huɗu, keke yana bukatar fili mai faɗin ƙafa 5 kafin ya juya. Na biyar, wurin da aka tanada don keke ya tsaya lalle ya zama shimfiɗaɗɗe.

Waɗannan lambobi daga jikin ɗan Adam aka samo su. Mai tura kekensa da damtse ya ke tafiya, damtse kuwa bai kai cinya ƙarfi ba. Shi ya sa aka iyakance karkata, aka kuma wajabta wurin hutawa.

5. Mai raunin tafiya a kan gangaren

Mu fara da alherin ginin, don yana da shi. A tsofaffin gidajen nuni da yawa, waɗanda asalinsu fada ce ko aka gina su da siffar fada, babbar matakala ce ke tarbar baƙo. Masu ƙafa su hau ta gaba, mai keke a zaga da shi ta wata ƙofa a gefe. Ya shiga dai, amma an nuna masa shi daban ne. A Guggenheim hanya guda ce ga kowa. Mai keke da abokinsa mai ƙafa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna kallon zane guda a lokaci guda, suna taɗi a kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama rabin daɗin kallo yana ga abokin kallo.

Amma gidan nuni wurin tsayawa ne fiye da wurin wucewa. Zane ba ya ba da abin da ke cikinsa sai ga wanda ya natsu a gabansa. To, a nan ne gangare ke nuna halinsa. Gangaren Guggenheim ba mai tsanani ba ne, mai ƙafa yakan manta da shi bayan ɗan lokaci. Taya kuwa ba ta mantuwa. Mai keke in yana sauka, hannuwansa suna riƙe da ƙarfen taya don kada keken ya kwasa da shi. In ya zo gaban zane sai ya ɗaure birki, in zai ci gaba ya kwance, haka zai yi ta yi a kan kowane zane. In ya juya ya fuskanci bango sosai, keken ya gitta gangaren ke nan, taya ɗaya ta fi ɗaya tudu. Mai sanda ma haka, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsoho mai ciwon gwiwa kuwa ya san sauka takan fi hawa cin gwiwa.

Sa'an nan ga batun inda a ke dosa. Ko da ya ke Wright ya nufa a fara daga sama, masu shirya nuni sau da yawa sukan jera aikin mai zane daga ƙasa zuwa sama, aikin ƙuruciyarsa a hawa na fari, na tsufansa a ƙololuwa. A irin wannan shiri mai raunin tafiya yana da zaɓi biyu. Ko dai ya tura kansa hawa na rubu'in mil, ko kuwa ya hau lifta ya gangaro, ya karanta tarihin mai zanen daga ƙarshe zuwa farko. Ginin bai sāke ba, amma shawarar mai shirya nuni ta mai da gangare hawa.

Har wa yau akwai tsayin ido. Bisa jagorar shirya nuni ta cibiyar Smithsonian, idon mai zaune a keke yana tsakanin inci 43 da 51 daga ƙasa, alhali al'adar gidajen nuni ita ce a sa tsakiyar zane wajen inci 57 zuwa 60, daidai idon mai tsaye. Mai keke daga ƙasa ya ke ɗaga kai, in zanen yana cikin gilashi hasken fitila ya dawo masa a ido. Takardar bayani in an kafa ta sama, ko an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, ba ta karantuwa gare shi. A Guggenheim kuma gindin bangon yana da ɗan tudu wanda ke hana kowa matsawa kusa.

6. Gyara da iyakarsa

Shekarar 1990 da aka kafa dokar naƙasassu ita ce kuma shekarar da birnin Niyu Yok ya sa ginin cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓa siffarsu, ciki da waje. A 2019 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya tare da wasu gine-gine bakwai na Wright. Haƙƙi biyu ke nan suka haɗu, na mai son shiga da na 'yan baya masu son ganin ginin yadda aka yi shi. Dokar ta san da wannan. Ga tsohon gini ta ce a kawar da shingen da kawar da shi ba zai yi wuya ko tsada ƙwarai ba, in kuwa gyara zai ɓata darajar tarihi sai a nemi wata hanya.

Ba wanda zai miƙe gangaren Wright. Amma a 1992 an buɗe ƙarin bene a jikin ginin, mai ɗakunan nuni masu shimfiɗaɗɗen daɓe, kuma gidan yana ba baƙi aron keken guragu kyauta. Duk da haka, tsarin asali ya sa 'yan matakala a bakin wani ɗaki mai dogon rufi da ke kan hawa na fari. 'Yan matakala kaɗan cikin ginin da ya yi suna da rashin matakala sun isa su tsai da keke, kamar yadda ɗari za su tsai da shi.

Abin lura shi ne, gyare-gyare da yawa ba sa bukatar magini. Ajiye benci a kan hanya, sauko da takardar bayani, barin sarari tsakanin akwatunan nuni, jera zane ta yadda mai saukowa zai fahimta, gaya wa baƙo tun a ƙofa inda lifta ta ke, duk waɗannan hankali su ke ci fiye da kuɗi.

7. Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, a sashe na 30, ta ambaci gidajen nuni cikin wuraren da ya kamata su shigu. Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar Nijeriya ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Sai dai kada mu ɗauko awon Amurka mu dasa ido rufe. Da yawa daga cikin waɗanda shan inna ta naƙasa a ƙasar Hausa keke mai ƙafa uku su ke hawa, wanda a ke murzawa da hannu, ya kuwa fi kujera mai taya tsawo, juyinsa ya fi cin fili. Wasu ma a ƙasa su ke tafiya da hannuwansu, idonsu ƙasa da na mai kujera.

Darasin Guggenheim shi ne, kafin a ce gidan nuni ya shigu, sai an bi hanyar duka, daga bakin titi zuwa gaban zane, a tambaya a kowane mataki ko mutum zai iya isa, ya tsaya, ya gani, ya huta. Wanda zai fi ba da amsa kuwa shi ne mai keken kansa, a gayyace shi tun ginin yana kan takarda. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.